Asabar a Garwa: sakan talatin da takwas

Zafin Garwa ta Kamaru na watan Maris bai bar mu mun fara wasan ƙwallon kwando ba sai da aka yi la'asar, shi ma simintin filin yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Yaranmu na unguwa ne suke karawa da na wata makaranta, wasan sada zumunta, zango huɗu na minti goma-goma kamar yadda dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta tanada. Agogon sakan 24 kuwa, mai ƙirga lokacin da ƙungiya za ta iya riƙe ƙwallo kafin ta jefa, babu shi a filin. Wani malami ne ya zauna a benci da waya a hannu, idan saura sakan biyar ya fara ƙirga da ƙarfi da Faransanci.

Duk makon nan abu ɗaya nake ta cusa wa yaran. Idan zango ya kusa ƙarewa, saura kamar sakan 35 zuwa 40, ƙwallo tana hannunmu, kada a tsaya jan lokaci. A jefa da wuri. Abokan karawa ba su da ikon riƙe ta fiye da sakan 24, dole ta dawo mana, mu samu jifa biyu su ɗaya. Sun gane, don suna gani a wasannin gasar NBA ta Amurka da suke hana idonsu barci saboda Siakam da Embiid, 'yan wasa haifaffun Kamaru. Abin da ba su lura ba shi ne a can agogo yana tsayawa bayan an ci a minti na ƙarshe na zango, mu kuwa ba ya tsayawa sai a minti biyu na ƙarshen zango na huɗu. Kafin a ɗauko ƙwallo daga ƙarƙashin kwando a shigo da ita, sakan uku ko huɗu sun tafi a banza. Shi ya sa nake cewa mu riga su jifa.

Ƙarshen zango na biyu, saura sakan 38, ɗan yayata ya karɓi ƙwallo. Ya dube ni, na ɗaga yatsu biyu. Kawai sai ya tsaya can nesa da layin maki uku, mai tsaro a gabansa, ya cilla. Ta daki ƙarfe ta yi tsalle har tsakiyar fili, wani siririn yaronsu ya sure ta da gudu ya zura, saura sakan 30. Ramin da muka haƙa mu muka faɗa. Yanzu mu ne dole mu jefa kafin lokaci ya ƙare, su kuma ta ƙarshe tasu. Haka aka yi, maki biyar suka ɗiba a tsakanin nan, mu ko ɗaya.

Da aka tafi hutu ya zo yana haki. "Kawu, ai kai ka ce in yi sauri."

Na ce na ce ka yi sauri, amma yaushe na ce ka jefa daga bakin kogin Binuwai? Sauran suka tuntsire da dariya, shi ya murtuke. Ni dai a raina na san da laifina, don na koya musu ƙirga sakan ban koya musu wace jifa ce ta cancanci a yi mata gaggawa ba. Jifar nesa in ta kuskure, nesa take faɗawa, a hannun masu gudu.

A zango na uku muka sake gwadawa. Dogonmu ya tare wa ɗan yayata mai tsaro, shi kuma ya kutsa har gindin kwando ya ci, saura 34. Suka jefa tasu ta kuskure, amma muka yi sakaci suka sake cafke ta. Sabon sakan 14 ke nan a hannunsu, wanda doka ke ba masu jifa idan sun sake cafke tasu, suka cinye lokacin tas.

Mun sha kashi da maki shida. Na saya wa yaran ruwan sanyi na sefa ɗari biyar, ɗan yayata ya ƙi sha. Sai da muka hau babur za mu gida ya tambaye ni ko ranar Talata akwai atisaye.