Saƙon Godiya Daga Manoma Da Masuntan Fadamar Haɗeja

Assalamu alaikum. A madadin manoma da masuntan yankinmu a ƙaramar hukumar Guri ta Jihar Jigawa, ina miƙa godiya ga waɗanda suka ɗauki nauyin binciken sauyin yanayi da malaman jami'a suka gudanar a ƙauyukanmu, wanda aka karanta mana sakamakonsa da Hausa a ƙofar gidan Dagaci ranar Asabar da ta wuce.

Babbar godiyarmu ga gidauniyar da ta ba da kuɗin ne. Mun san irin wannan tallafi ba ya samuwa cikin sauƙi, domin ko asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda ake tarawa daga harajin ribar kamfanoni, jami'o'in gwamnati na ƙasar nan duka ne suke layi a ƙofarsa. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne inda kuɗin suka tafi. An kafa ma'aunin ruwan sama a harabar makarantar firamare, an ba matasanmu alawus suna duba shi kowace safiya suna rubuta adadin milimita a littafi, an kuma biya masu kwalekwale suka riƙa kutsawa da ɗalibai cikin ciyawar kachala domin auna zurfin ruwa.

Dattawanmu sun daɗe suna cewa kogi ya sauya hali tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, cewa kachala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan baki kuma ya samu maɓuya a cikinta yana cinye mana shinkafa. Ambaliyar 2022 ta ƙara mana da nata. Yanzu wannan magana ta shiga takarda da alƙaluma, ta yadda za mu iya ɗaukarta zuwa Dutse a saurare mu.

Muna gode wa Mai Girma Hakimi da ya ba da masauki, da iyayenmu mata da suka ciyar da baƙi.

Roƙonmu ga masu tallafin shi ne kada su janye hannu, domin damina biyu ko uku ba sa isa a gane halin sama, kuma alawus ɗin matasan zai yanke da ƙarewar wannan zango. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara buɗi.