Laraba: rini, labule da jeren marainiya

Tun ƙarfe bakwai nake wani gida a Nassarawa, cikin Kano, da muke ƙarasa aikin ƙawata cikinsa. Masu POP sun gama silin, saura fenti da fitilu. Hajiya mai gidan ta zo da hotunan gidajen Dubai cike da waya, tana son bango fari fat da labule ruwan gwal har ƙasa. Na ce, "Hajiya, gwal za a yi miki, amma ki bar min bango ɗaya a falon baƙin Alhaji." Na nuna mata hoton Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna zamanin da ya buɗe makarantar boko a 1909: bakan gizo, rufin azara, ga zanen da magina suka yi da hannu tun ƙasar tana ɗanya. Ta daɗe tana kallo, can ta ce, "To, amma kar ya zama kamar ƙauye." Ginin nan fa a unguwarta yake, ba ta taɓa leƙawa ba.

Daga can sai marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta. Yadin matasan kujeru na kai makon jiya. Na tarar da Baba marini yana tsoma na ƙarshe. Duk zuwan da nake yi sai na tsaya kallon wannan: ya tsamo yadin daga karofi yana kore-kore, ya ɗaga shi iska ta buge shi, a gaban idonka ya juye shuɗi, ya sake tsomawa. Baban rini da toka da kanwa ne kawai a ramin. Hannunsa har gwiwa ya rine. Ya ce sai an kai wa mabuga kafin ya yi sheƙi, in dawo jibi. Na biya Kantin Kwari na sayi yadin labule, kuɗin ya sake hawa, ba a magana.

Da la'asar muka tafi jere. Marainiya ce, kakarta ta riƙe ta, ɗaurin aure Asabar. Gado da katifa da sif daga asusun da nake ware wani abu duk aikin da na gama. Labulen kuwa ragowar yadin wani babban gida ne, telana ya haɗa. Ɗaki ciki da falo ne, shi ya sa na hana a cusa kujeru. Kakar ta fito da kwallaye da tasoshin aurenta, ta ce ko a ɓoye su tunda tsohon yayi ne? Na ce a'a wallahi. Mu muka wanke su, muka jera a saman sif, ɗakin ya ɗauki haske.

Muna cikin haka wata mata ta kama hannuna tana addu'a, saboda Yayana yana takara: "Allah ya ba Yayanku kujerar nan, ƙuri'armu taku ce." Raina ya ɗan sosu, amma ban ga laifinta ba. Babanmu ɗan jam'iyyar PRP ne, ya shiga majalisar jiha a 1979 lokacin Abubakar Rimi, soja suka sallame su ƙarshen 1983, amma zaurenmu bai taɓa rabuwa da jama'a ba har ya rasu. A gidan siyasa na tashi, na san yadda ake raba atamfa da shinkafa idan zaɓe ya matso. Wanda ya saba ganin haka, don me zai yarda cewa gadon amarya ba kamfe ba ne?

Abin da ya fi ci min rai bayan magariba ya zo. Yaron Yaya ya kira, wai ranar kai amarya za su turo mai kyamara, a sa a Facebook. Na ce yarinyar nan ba fosta ba ce, kuma ko sisin ofishinsu babu a ɗakin. Ba a yi minti goma ba Yaya da kansa ya kira, yana dariya, wai ƙanwarsa ta fiye taurin kai irin na Baba. Na ce, "Yaya, in kana son lada, akwai wasu marayu biyu da za a aurar bayan Sallah, turo kuɗin katifa, ba kyamara." Ya ce in same shi gidan Umma da safe mu yi magana. Na san Umma bayana za ta bi, shi ma ya sani, shi ya sa nake zargin zai riga ni isa.