Bindigar toka a ƙasar ƙanƙara

Ƙanena da ke tuƙin babbar mota a Harisbag, babban birnin jihar Fensilbaniya ta Amurka, zai shiga daji ƙarshen Disamba da bindigar toka. Ba wasa nake ba. A ƙasar da kusan kowace irin bindiga ake samu a kanti, akwai mutanen da ke jiran 26 ga Disamba don su fita farautar barewa da irin bindigar da kakanmu ya mutu ya bari rataye a zaure, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a bi da dalma, a danna da sanda. Tun 1974 jihar ta ware musu lokacinsu, daga bayan Kirsimati zuwa cikin Janairu, kuma sai mai dutsen ƙyastu kawai aka yarda da ita, wadda in kunama ta faɗa dutse zai kartu ƙarfe, tartsatsi ya kama ɗan albarushin da ke gefe, sannan na ciki ya tashi. Wani abokin aikinsa ne ya ja shi ciki, shi kuma ya bugo mini waya wai in tambayo masa tsofaffi.

Mu dai a Damagaram ba baƙin wannan ƙarfe ba ne. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ake haɗa albarushi ana zuba igwa a garin nan, kuma har gobe in an yi hawan salla hayaƙin bindigar toka ne ke turnuƙe ƙofar fada. Sai na tafi Birni wajen wani dattijo, abokin mahaifinmu, tsohon maharbi da ya daɗe da ajiye sana'ar. Na kunna masa saƙon muryar, ya saurara yana gyara mayafi.

Abin da ya fara tambaya shi ne, "Can ɗin ana ruwa?" Na ce, "Baba, ƙanƙara ce ke zuba." Ya ce to a gaya wa yaron nan abokin gabansa laima ce, ba sanyi ba.

Kuma haka masu abin a can suke faɗa. Albarushi yana jan danshi, in ya ja kuwa sai ya yi tsit ko ya yi fus. Mu a nan hunturu ya rufa mana asiri, iska busasshiya ce ƙarau, abin da ke damun maharbi ƙura ce da ke toshe ɗan ramin wuta. Su kuwa tarkon yana cikin gida. Mutum ya wuni a daji cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifiri, ya shigo da bindiga ɗaki mai ɗumi, nan take ƙarfen zai yi gumi ciki da waje kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji, gumin ya gangara ya jiƙa ɗurin. Gobe barewa ta tsaya gabanka, ka ja kunama, shiru. Shi ya sa suke zubar da albarushin gefe, su bar bindigar ta kwana a wuri mai sanyi da makulli, ko kuma su sauke ɗurin gaba ɗaya su sake sabo da asuba. Bakin bututun ma liƙe shi suke yi da ɗan salatif don kada ƙanƙara ta faɗa. Harbi na fita zai yage shi, ba ya karkatar da dalma. Ɗan albarushin gefen kuwa a kai a kai ake sake shi cikin wuni.

Mai ma yana da nasa. Wanda aka shafa don tsatsa in ya taru a gindin bututu yana kashe albarushi, sanyi kuma yana daskarar da shi har kunama ta yi nauyin faɗuwa. Sai an goge shi tas kafin ɗuri. Baba ya ce su da tsumma da ruwan zafi suke wankewa, su shanya a rana. Na ce rana ce ai ƙanena ba shi da ita.

Inda ya ɗaga murya shi ne zancen ɗuri. Ya miƙo mini hannunsa na hagu, babban yatsa da manuni duk tabon ƙuna, tsohon tabo mai sheƙi. Ya ce dalma ta zauna daram a kan albarushi, in aka bar fili tsakaninsu bututu na iya fashewa. A yi wa sandar ɗuri alama da wuƙa daidai inda take tsayawa in ɗuri ɗaya ne, don mai rawar ɗari yakan manta ya ɗura sau biyu. In ka ja ba ta tashi ba, kada ka leƙa, kada ka juya bakinta wajen mutum, riƙe ta yadda take ka ƙirga minti guda, wani lokaci wutar tafiya take a hankali. Ni kuma na ƙara masa da nawa: garin harsashin zamani ba ya shiga wannan bindiga ko kaɗan, ƙarfinsa ya fi ƙarfinta.

Tufafi ban ja zancen ba, ƙanena ya fi ni sani. Ulu a kan ulu, ban da auduga a jikin fata don in ta sha zufa sanyi take riƙewa, da safar hannu da za ta bar yatsa ya yi aiki.

Dabbar ce ta fi ba Baba sha'awa. Barewarsu mai farar wutsiya ce, ta fi tamu girma nesa, mazan suna da ƙaho mai rassa da ke zubewa duk shekara. Zuwa ƙarshen Disamba an riga an kora ta da manyan bindigogi, mazan sun rame da barbarar Nuwamba, ciki kawai ke fito da ita. Don haka ba a yawo, ana zama ne da yamma kusa da gonar masara da aka girbe, iska na bugun fuskarka ba ƙeyarka ba, a jira ta matso kamar mita 50 zuwa 70. Harbi ɗaya ne, kuma hayaƙi zai rufe maka ido, sai ka bi jini a kan farar ƙasa.

Da na ce masa a can barewa har mota take bugewa a kan hanya saboda yawa, ya daɗe bai ce komai ba. A ganina nan ne bambancin yake, ba a bindiga ba. Su sun ƙayyade rana, sun ƙayyade adadi, mutum na sayen lasisi, ya ɗaura wa abin da ya kashe takarda. Mu ma a Nijar muna da dokar farauta, ta 29 ga Afrilu 1998, muna da gandun Termit da Tin Tumma tun 2012. Amma ba mai bindigar toka ne ya share dajin ba, masu mota da bindiga mai aman wuta ne. Binciken da aka yi a 2016 adaks, wata babbar barewar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, uku kacal ya gani a yankin. Yau maharbin ƙauyukan Mirya in ya samo zomo ko fakara ya gode Allah.

Na tura wa ƙanena duka, har da hoton sandar ɗurin Baba da alamar wuƙarta. Ya ce dutsen ƙyastu uku zai sa a aljihu, ya kuma tambaya ko kilishin barewa zai yiwu a tanda, tunda rana ba ta da ƙarfi. Wannan kam na ce ya tambayi Inna.