Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a ciwon nan

Alhamdulillahi. Yau kwana 40 ke nan rabon da in kwanta a ɗaki mai duhu, kaina ɗaure da ɗankwali, ina roƙon yara su rage murya. Ku da kuka sha wahalar ciwon ɓarin kan nan tare da ni shekara 3, kun san nauyin kwana 40 a wurina. Har yanzu jikina a mace yake, amma godiya ta daɗe tana cina a rai.

Yawon asibiti da haƙorin da aka cire mini bara, ciwon bai ragu ko ƙanƙani ba, duk kun sani. Abin da ke dawo mini a zuciya shi ne ranar da na je wurin likitar haƙori ta biyu. Kwana 2 ban runtsa ba, ga amai, ga ɓarin kaina na hagu yana sara kamar ana buga guduma, zafin yana gangarowa har cikin turmin haƙorana na sama. Ina hawa kujera na ce mata don Allah ta cire wannan ma in huta. Ta duba, ta ƙwanƙwasa, ta kalli hoton, sannan ta ajiye ƙarfen da ke hannunta ta ce, "Hajiya, ba zan cire miki lafiyayyen haƙori ba." Na fashe da kuka, don na ɗauka ita ma korata za ta yi. Sai ta kashe fitilar da ke haska mini ido ba tare da na roƙa ba, ta jira har na yi shiru.

Daga nan ta ɗora 'yan yatsunta a gaban kunnuwana ta ce in buɗe baki. Ƙas! Ni da ita duk mun ji ƙarar. Yatsa 2 ne suka shiga bakina a jere, da ƙyar, alhali 3 ya kamata. Da ta danna tsokar kumatuna da ta gefen goshi, sai ga ciwon nan da na sani ya taso har bayan ido. Ta juya ta tambayi maigidana ko yana jin wani abu idan ina barci. Ya ce ya daɗe yana jin ina niƙa haƙora cikin dare, bai taɓa zaton yana da alaƙa da kaina ba.

A bayan takardar magani ta zana mini jijiya ɗaya mai rassa 3: reshen goshi da ido, reshen kumatu da haƙoran sama, da reshen muƙamuƙin ƙasa. Ta wannan jijiyar saƙon zafin ciwon ɓarin kai yake bi. Shi ya sa ciwon kan yake iya fitowa da kamar ciwon haƙori, muƙamuƙin da ya kwana a cije kuma yake iya tsokano shi da safe. Ta faɗa mini gaskiya cewa ciwon ɓarin kai cuta ce ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, gyaran muƙamuƙi ba zai tumɓuke shi ba, sai dai ya rage abin da ke hura wutarsa. Ita ta tura ni wurin likitan jijiyoyi, wanda ya gano cewa maganin kashe zafin da nake sha fiye da kwana 15 a wata shi ma ya koma yana jawo mini ciwon kai. Yanzu da robar da aka auna mini daidai haƙorana nake kwana, ina gasa kumatu da tsumma mai ɗumi, na bar cingam da duk abin da ke da wuyar tauna, ina shan maganin rigakafi a kan ƙa'ida.

Likita, na san ba ki son a ambace ki, amma dole in faɗa. Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan mahaifanki, Ya sa ki gama lafiya. Ƙanwata Auta, wadda ta ajiye karatunta ta riƙe mini yara, ta riƙe mini kai ina amai da tsakar dare, Allah Ya ba ki miji nagari da zuri'a mai jin ƙanki. Inna, addu'arki ta asuba ba ta faɗi ƙasa ba, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Baban yara, ka yi haƙuri da ni a lokacin da ko sallamarka ba na iya amsawa. Allah Ya buɗa maka, Ya rufa maka asiri duniya da lahira.

Akwai 'yan uwa na jini da ko sau ɗaya ba su leƙo ba, har aka kawo mini cewa wai raki ne, ciwon kai kawai. Maganar ta yi mini zafi fiye da yadda na nuna. Na yafe, kuma ina roƙon Allah kada Ya ɗanɗana wa kowa irinsa.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yi mini uzuri, doguwar magana har yanzu tana gajiyar da muƙamuƙin. Zan neme ku ɗaya bayan ɗaya in Allah Ya yarda, bayan na koma ganin likita a ƙarshen wata.