Yadda muka nemo kuɗin ajin zanen yara ta intanet

Ranar da fenti ruwan ɗorawa ya ƙare, ni ce na fara lura. Wata yarinya 'yar shekara bakwai tana ta goga buroshi cikin gwangwanin da babu komai sai busasshen ɓawo, tana so ta zana rana. Cibiyarmu ƙarama ce, aikin sa-kai muke yi: zane, ginin yumɓu, da ɗan wasan kwaikwayo duk ranar Asabar. Ba ma karɓar ko sisi daga iyaye. Tallafin da muke dogaro da shi ya yanke, kwamiti ya ce a gwada intanet, aka ɗora mini nauyin.

Mako guda na ɓata wajen zaɓen dandali. Kickstarter, wanda aka buɗe a 2009, tsarinsa ko duka ko babu: idan wa'adi ya cika ba a kai adadin da aka sa ba, ba a cire wa kowa kuɗi, kai ma ka tashi hannu rabbana. GoFundMe, na 2010, yana ba ka abin da aka tara ko bai kai ba, sai dai ana cire ɗan kaso a kowace gudummawa, kuma ba daga kowace ƙasa ake iya buɗe gidauniya a kansa ba. Mu da ko rabi muka samu zai sayi takarda, tsari irin na biyun ya fi dacewa da mu.

Rubutun da na fara sawa, yanzu in na tuna kunya nake ji. "A taimaki fasaha a cikin al'umma." Na tura Facebook, aka yi ta danna alamar so, ana "Allah ya taimaka", amma kuɗi shiru kake ji. Sai wata uwa da ta zo ɗaukar ɗanta ta ce mini, "Yaya, na karanta fa, amma ban gane me za ku saya ba." A daren na goge komai. Na rubuta fenti kala nawa, buroshi nawa, yumɓu buhu nawa, da kuɗin motar malamar da ke zuwa daga nesa. Mutum ya fi sakin hannu idan ya san kuɗinsa buroshi goma ne zai zama.

Duk da haka shafin bai roƙi kowa ba, zaune kawai yake. Kuɗin ya fara motsi ne lokacin da kowannenmu a kwamiti ya zauna ya rubuta wa mutanen da ya sani ɗaya bayan ɗaya ta WhatsApp, da sunansu, da gaisuwa, ba saƙon nan da ake turawa kowa da kowa ba. Roƙo da nauyi, ban ɓoye ba. Amma waɗanda na fi jin nauyinsu su suka fara bayarwa, wasu har suka yi mini ƙorafin ban gaya musu da wuri ba. A tsakiyar wa'adi abin ya sake lafawa, sai a kwanakin ƙarshe ya farfaɗo da muka riƙa faɗin abin da ya rage.

Kuskuren da ya fi damuna na hotuna ne. Na sa fuskokin yara ba tare da na tambayi kowa ba. Wani uba ya kira ni, cikin ladabi ya ce a cire 'yarsa, kuma gaskiyarsa ce. Muka cire duka, muka koma hoton hannuwa da zanen da suka yi, sai wanda iyayensa suka sa hannu a takarda. Gudummawa ba ta ragu ba.

Ba mu cika adadin ba, amma mun wuce rabi da nisa. Bayan wata guda rufin ɗakin ajiya ya fara yoyo, wani a kwamiti ya ce a ɗan taɓa kuɗin yaran a mayar daga baya. Na ƙi, muka ɗan yi sa-in-sa. Da sunan fenti da yumɓu muka karɓa, kuma na riga na yi alkawarin tura wa kowa hoton rasit. Muka tara bokiti a ƙarƙashin yoyon har aka samu kuɗin rufin ta wata hanya.