Abin da tankin jiƙa shinkafa ya koya min

Watana na biyu a wani injin casar shinkafa da ke kusa da Argungu aka ba ni bindigar auna zafi, irin wadda aka riƙa saita wa mutane a goshi lokacin korona, sai dai wannan ta injina ce. Na ɗauka ba ta kuskure.

Wata safiya na haska ta a jikin sabon tankin da muke jiƙa shanshera, farin ƙarfe mai sheƙi kamar madubi, ta nuna digiri 41. Ruwan kuwa kusan 70 ake so. Har na juya zan ce wa mai hura wuta ya ƙara ƙaiƙayi, sai maigidana ya riƙe min hannu. "Yaro, kai bayan hannunka kusa tukuna." Ban ma taɓa ba na ji hucin. Ya yanko baƙin tef ɗin lantarki ya manna a tankin, muka ɗan jira, ya ce in auna kan tef ɗin. Ta nuna 69. Na ce, "Maigida, to wanne ne gaskiya?"

Bindigar ba ta taɓa komai, hasken zafin da abu ke fitarwa take karantawa, kuma fuskar kowane abu da gwargwadon yadda take sakinsa, daga 0 zuwa 1. Yawancin irin tamu an saita su a 0.95, wanda ya dace da ruwa, roba, katako da fenti. Fatar mutum tana wajen 0.98, shi ya sa goshi bai cika ba da wahala ba. Gogaggen alminiyam ko jan ƙarfe kuwa ƙasa da 0.1 yake. Nasa zafin kaɗan yake saki, sauran abin da na'urar ke gani na bango ne da rufi da ni kaina, ƙarfen ya maido mata.

Abin da ya fi ba ni mamaki, launi ba shi ne magana ba. Farin fenti da baƙi kusan ɗaya suke karantuwa, tsohon bututu mai tsatsa ma ya fi sabo faɗin gaskiya. Ta bayan gilashi kuma zafin gilashin kawai za ka samu.

Har yau ina tuna buhunan manoman da ke cikin tankin nan, da an ƙara wuta sun dahu sun farfashe. Yanzu kowane tanki da bututu mai sheƙi a wurinmu yana da ɗan tabon fenti, nan muke aunawa, kuma nakan matso kusa in goge ƙurar casa daga idon bindigar kafin in danna.