Keke a ɗaka lokacin sanyi: zafi ne ke fara kayar da mutum

Idan sanyi ya kankama, rana ta gajarta, hanya ta jiƙe ko ta daskare da ƙanƙara, mai keke ko dai ya jingine kekensa har yanayi ya gyaru, ko ya shigo da shi ɗaka ya ɗora a kan na'urar horo. Na biyun ya fi, domin ƙarfin da aka yi watanni ana tarawa yakan fara zubewa cikin 'yan makonni na zaman banza. Sai dai akwai abin da ya kamata a gane tun farko: keken nan ba ya tafiya. Babu iskar da ke bugun ƙirji, babu gangara da za a ɗan huta, babu karkata hagu da dama. Kusan duk matsalar horon ɗaka daga nan ta samo asali, kuma babbarsu, duk da ana tsakiyar sanyi, ita ce zafi.

Lissafin mai sauƙi ne. Daga ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke isa feda. Sauran duk zafi yake zama. Wanda ke taka wat 200 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da ake sa wa feda) yana fitar da zafin da ya kai wat 600 zuwa 800, kamar an kunna masa ƙaramar hita a ciki. A kan hanya iska ce ke kwashe wannan ba tare da ya sani ba. A ɗaka kuwa zafin yana nan tsaye a jikinsa, gumi ya yi ta tsiyaya daga haɓa da gwiwar hannu har ya taru ƙarƙashin keke. Gumin da ya ɗiga ƙasa asara ne, bai sanyaya kowa ba. Wanda ya bushe a kan fata shi ne ke ɗauke zafi. Idan bai bushe ba, jiki sai ya ƙara tura jini zuwa fata, zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin. Shi ya sa za ka ga mutum yana riƙe da wat ɗaya bai canza ba, amma bugun zuciyarsa da ya fara a 140 ya haura 155 kafin minti 40, ƙafafu sun yi nauyi, ya sauka yana cewa ƙarfinsa ya ragu. Ƙarfinsa na nan, dahuwa ya yi.

Don haka fanka tana gaba da kowace na'ura mai tsada. Ta silin ba ta wadatarwa. Ana son mai ƙarfi wadda ake ajiyewa a ƙasa, a sa ta gaban keke kamar tazarar mita 1, a ɗaga bakinta ya fuskanci ƙirji da fuska. In da hali a ƙara ta biyu daga gefe ko baya, don baya ma yana jiƙewa sharkaf. A ɗaki mai sanyi kada a kunna ta tun daga farko: a hau da riga mai dogon hannu, a yi minti 5 zuwa 10 ana ɗumama jiki, sannan a cire rigar a kunna. Wannan ne ya sa makunnin da hannu zai kai daga kan sirdi yake da amfani, in ba haka ba ƙyuyar sauka za ta sa a haƙura da ita. A kashe hitar ɗakin, a ɗan buɗe taga. Gawayi ko murhun gas a rufaffen ɗaki kuwa haɗari ne ko ga wanda ke zaune, balle mai haki yana zuƙar iska ninkin-ba-ninkin.

Ruwan da za a sha ba sai an yi kirdado ba. Ka hau sikeli ba kaya kafin horo, ka sake hawa bayan ka goge jiki. Kowane kilo 1 da ya ragu kusan lita 1 ce ta gumi. Idan ka ragu da gram 600 alhali ka sha mililita 700 cikin awa guda, to gumin da kake yi lita 1.3 ne a awa. Mutane sun bambanta ƙwarai a nan, wani rabin lita, wani har lita 2. Gora ɗaya ta mililita 500 zuwa 750 a kowace awa mafari ne mai kyau. Wanda rigarsa ke bushewa da farin zane na gishiri ya ƙara sinadaran gishiri a ruwansa. Horon da bai kai awa ba ruwa ya ishe shi; wanda ya wuce minti 90 yana son gram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa.

Gumin nan bai tsaya a kan mutum ba, keke ma yana shan wahalarsa. Gishiri ne, kuma yana sauka daidai inda bai kamata ba: kan notocin wuyan keke, cikin boris ɗin da kan keke ke juyawa a kai, da ƙarƙashin tef ɗin da aka naɗe hannun keke da shi. Na ƙarshen shi ne mugu, don ba a ganinsa. Tef yana shanye gumi, alminiyon da ke ƙasa ya yi ta cinyewa a hankali, ya zama farin gari mai ramuka, wata rana a kan hanya ya karye a hannun mai shi. A shimfiɗa tawul daga kan keke zuwa sandar sama, a goge da jiƙaƙƙen tsumma bayan kowane horo, a shafa ɗan giris a kan notoci, kuma idan sanyi ya wuce a warware tef ɗin gaba ɗaya a duba ƙarfen kafin a naɗa sabo.

Na'urorin iri uku ne. Akwai wadda ake maƙale keke da tayarsa ta baya, tayar tana murza wani ɗan gangan ƙarfe. Ita ce mai araha. Akwai wadda ake cire tayar baya ɗungurungum a ɗora sarƙa kan haƙoran giyar da ke jikin na'urar, irin Wahoo KICKR da Tacx NEO. Ta fi shiru, ta fi auna wat daidai, ba ta cin taya. Sai ta uku, ganguna uku da ake ɗora keke a kai ba tare da an ɗaure komai ba. Wannan tana koyar da zama daram da taka feda sumul, amma sabon shiga ya fara a tsakanin ƙyauren ƙofa inda zai dafa bango ta kowane gefe, ya kuma kafa ido gaba, ba kan tayar gaba ba.

Mai amfani da ta farkon ya kula da abu uku da ke ɓata wa mutane rai. Iskar taya ta zama ɗaya kullum, wajen bar 7 a ma'aunin iskar taya ga siririyar tayar keken tsere, amma kada a wuce abin da aka rubuta a gefen tayar. Matsin gangan ma ya zama ɗaya: a murɗa har ya taɓa taya, sannan a ƙara adadin zagayen da kamfanin ya faɗa. Gwajinsa shi ne a riƙe faifan na'urar, wato ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da gangan, da hannu ɗaya, a finciki tayar da ɗayan; in ta zame da ƙara, a ƙara matsewa kaɗan. Sako-sako yana sa taya zamewa duk lokacin da aka danna da ƙarfi, matsewa fiye da kima kuma yana cinye roba, har ka ga baƙin gari a ƙasa. Taya mai ƙusoshin roba irin ta keken daji ba ta yi ko kaɗan, ƙararta kamar injin niƙa. Akwai taya ta musamman don wannan aiki, ko a sa tsohuwa mai santsi. Na uku, a ɗaure tayar baya da sandar ƙarfen da ta zo da na'urar a maimakon ta keken, don kanta ne ya dace da mariƙin. Bayan an gama a sassauta gangan, kada ya kwana yana danne taya wuri ɗaya.

Ga wadda ake cire taya, abin dubawa kafin saye shi ne yadda tayar bayan kekenka take ɗaure: siririyar sanda mai maɓalli, faɗin milimita 130 ko 135, ko kuwa mai kauri da ake murɗawa, kaurin milimita 12, faɗin 142. Haƙoran giyar da za a sa wa na'urar su zama adadin giyarsu ɗaya da na keken, giya 11 da 11, 12 da 12. Idan masu 10 ne a kan mazaunin masu 11, sai an sa zoben milimita 1.85 a baya, in ba haka ba za su yi ta girgiɗi. Giya takan ɗan yi ƙaraf-ƙaraf bayan an ɗora keken. Rabin zagaye na notin daidaita wayar giya yakan gyara. Sarƙar da ta tsufa a kan sababbin haƙora kuwa tsalle za ta yi ta yi. Kowace iri ce, a tabbatar keken ya daidaita, in gaba ya yi ƙasa a sa wa tayar gaba matashi, don in ba haka ba nauyi zai koma kan hannuwa su mutu. A shimfiɗa tabarmar roba mai kauri. Maƙwabcin da ke ƙasan bene girgiza ce ke damunsa fiye da ƙara. Kuma a hana yara da dabbobin gida matsowa, faifan nan yana ci gaba da juyawa bayan an daina takawa.

To me za a taka? Ma'aunin da aka fi aiki da shi shi ne FTP, wato wat ɗin da mutum zai iya riƙewa na kusan awa guda. Ana gano shi ta hanyar taka iya ƙarfi na minti 20 bayan an ɗumama jiki sosai, a ɗauki kashi 95 cikin 100 na matsakaicin. Kuskuren kowa a nan ɗaya ne: a fara da wuta a minti 5 na farko, a mutu a na 12. Akwai kuma gwajin hawa-hawa, inda nauyi ke ƙaruwa kowane minti har ƙafa ta ƙi, a ɗauki kashi 75 na mafi kyawun minti ɗaya. Ya fi sauƙin yi, amma yakan yi wa masu ƙarfin ɗan gajeren zango kara, ya ba su lambar da ba za su iya riƙewa ba. A ganina wanda bai iya gama minti 15 sau 2 a kashi 90 na FTP ɗinsa ba, ya rage lambarsa kawai, ba abin kunya ba ne. A yi gwajin a ɗaka, a kan na'urar da za a yi horon da ita, don mutane da yawa lambarsu ta ɗaka ba ta kai ta waje.

A ce FTP ɗin wat 200 ne. Horo uku ko huɗu a mako sun isa, biyu kacal masu zafi, da tazarar awa 48 tsakaninsu. Na farko: ɗumama jiki minti 12, sannan minti 15 sau 2 a wat 176 zuwa 188, da hutun minti 5 ana juya ƙafa a hankali, bayan makonni a kai shi minti 20 sau 2. Na biyu: minti 3 sau 5 a wat 220 zuwa 240, hutu minti 3. Sauran su zama masu sauƙi, minti 60 zuwa 90 a wat 120 zuwa 145, inda za ka iya magana jimla-jimla ba haki. Wanda ba shi da ma'aunin wat ya auna da bakinsa: a na farko kalma uku-huɗu yake iya haɗawa, a na biyu ko ɗaya da ƙyar. Mako uku ana ƙarawa, na huɗu a rage kusan rabi, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Tseren da ake yi a manhajoji irin su Zwift yana kashe kaɗaici, amma shi ma horo mai zafi ne, a ƙirga shi cikin biyun nan, ba ƙari a kansu ba. Mai zazzaɓi ko murar da ta sauka ƙirji ya bar keke ya huta. Ciwon ƙirji ko jiri a tsakiyar horo kuma na nufin a sauka a ga likita.

Na'urori masu haɗuwa da manhaja suna da tsarin da ake kira ERG, wanda ke riƙe wat ɗin da aka saita ko yaya kake juya ƙafa. Daɗinsa ba sai ka canza giya ba. Tarkonsa kuma shi ne wat ya ƙunshi ƙarfin dannawa da saurin juyawa, saboda haka in ka gaji zagayenka ya sauka daga 90 zuwa 75 a minti, na'urar za ta ƙara nauyi don ta cike, nauyin ya ƙara rage maka sauri, ta sake ƙarawa, har feda ta kafe kamar an zuba siminti. Maganinsa a ƙara saurin ƙafa daƙiƙa 5 kafin zango mai nauyi ya shigo, a riƙe 85 zuwa 95. In ta riga ta kafe, a tsaya cak na 'yan daƙiƙu har ta saki, ko a rage kashi 5. Don lambobin su zama na gaskiya, na'urorin da ba sa daidaita kansu suna son a yi musu gwajin daidaitawa bayan minti 10 na takawa, lokacin da suka ɗumama, musamman a ɗaki mai sanyi. Idan wat na ɓacewa daga allo yana dawowa, galibi cunkoso ne, don ANT+ (hanyar da na'urar ke aika lambobi ba tare da waya ba) da Bluetooth da Wi-Fi duk suna zirga-zirga a zangon gigahaz 2.4, a ja ɗan makarɓin ANT+ da doguwar wayar USB zuwa kusa da na'urar. In kuwa kwamfuta ta ƙi ganin na'urar sam, a duba ko wata manhaja a waya ta riga ta kama ta.

Sirdin da ba ya damunka a hanya zai iya gallabarka a ɗaka cikin minti 45, don babu abin da ke tilasta maka ɗagawa. Ka miƙe tsaye kan feda na daƙiƙa 20 zuwa 30 duk minti 10, ka riƙa sauya wurin riƙo, ka sa wandon keke mai kyau ba wanda ya tsufa ba, ka cire shi da zarar ka sauka. Zama da jiƙaƙƙen wando ne ke kawo maruru.

Ranar da za a mayar da keken kan hanya, a cire tayar horo, ba ta riƙe kwalta. A mayar da sandar taya ta asali, a sa wa sarƙa mai, a matse birki biyun a ga suna kamawa, don sun yi watanni ba a taɓa su ba. Ƙafafu za su fita da ƙarfi, amma hannu da ido sun manta kwana da birki, saboda haka fita biyu-uku na farko a yi su a hanyar da ba cunkoso.